Muƙamuƙin da ya karye a Tawa ba zai jira Yamai ba

Ɗan ƙanwata ɗan kabu-kabu ne a nan Tawa. Wata magariba cikin damana ya yi karo da amalanken jaki a bakin gari, ya faɗi da fuska kan kwalta. Aka kwashe shi zuwa asibiti. An duba kansa, an duba ƙirji da ciki, an ɗinke haɓar da ta tsage, aka rubuta masa maganin zafi, aka ce ya je gida, kumburin zai saɓe. Kumburi kuwa ya saɓe. Bayan sati uku na koma gaishe shi, na tarar da kwanon tuwo a rufe, shi kuma yana kurɓar kunu da cokali.

"Kawu, haƙorana ba su haɗuwa," ya ce. "In na rufe baki, na dama kaɗai ke taɓa juna. Leɓen ƙasa kuma kamar ba nawa ba."

Da muka isa Yamai aka ɗauki hoto, likita ya nuna mana karaya biyu a muƙamuƙin ƙasa, kuma ƙashin ya fara kamawa a karkace. Sai da aka sake raba shi a ɗakin tiyata, aka gyara zamansa, aka ɗaure da ƙananan farantan ƙarfe. Babur ɗin da yake ci da iyalinsa da shi ya tafi a wannan jinya.

Ban riƙe waɗanda suka karɓe shi daren farko a zuciyata ba. Abin da zai iya kashe shi suka fara nema, kuma haka ya dace. Abin da ke cina shi ne babu wanda ya ce masa, "Cije haƙoranka in gani." Tambaya ce ta daƙiƙa biyar, ba ta buƙatar inji ko wutar lantarki. Saboda ita nake wannan rubutu: ina ganin lokaci ya yi da za a koya wa likitocin tiyata na asibitocin jihohi da na gundumomi, tare da likitocin haƙori, yadda ake gane karayar fuska da yadda ake ɗaure mai sauƙi daga cikinta, maimakon a bar komai sai an je Yamai.

Fuska tana ɓoye karayarta. In ƙafa ta karye kowa zai gani, mai ita ba zai taka ba. Fuska kuwa cikin 'yan awoyi take kumbura ta rufe komai, ga jini, ga ƙasa, ga 'yan uwa na kuka a bakin ƙofa. Mutum zai tashi da ƙafarsa ya yi magana, sai hankalin kowa ya kwanta. Amma alamun suna nan ga wanda aka koya masa nemansu. Muƙamuƙin ƙasa kamar zobe yake, shi ya sa sau da yawa in ya karye a wuri ɗaya akan sami ta biyu a ɗaya ɓangaren, kuma wanda ya faɗi kan haɓa sai an duba masa gaban kunne, inda muƙamuƙi ke haɗuwa da ƙoƙon kai. Haƙoran da suka daina haɗuwa yadda suka saba, jinin da ya taru ƙarƙashin harshe, leɓen ƙasa da ya mutu domin jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin ta taɓu, duk suna nuna karaya. In ƙashin kunci ne ya lotsa, gefen hanci da leɓen sama su ke mutuwa, baki ya ƙi buɗewa sosai, kuma in likita ya bi gefen gurbin ido da yatsa zai ji wurin da ƙashi ya yi tudu da kwari. In ƙasan gurbin ido ya fashe, mutum zai riƙa ganin abu ɗaya biyu, musamman in ya ɗaga ido sama. Ruwa mai tsarki kamar hawaye da ke ɗiga daga hanci bayan buguwa yana iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, kuma mai irin wannan ba a zura masa roba ta hanci.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A 1901 wani likitan Faransa mai suna René Le Fort ya bayyana layuka uku da ƙashin tsakiyar fuska ya fi bi in ya karye: na farko daidai saman haƙora, na biyu ya hau har karan hanci, na uku ya raba fuska baki ɗaya da ƙoƙon kai. Har yau da sunansa ake kiran su. Gwajin farko kuma da hannu ake yi: likita ya dafe goshi da hannu ɗaya, ya kama haƙoran sama da ɗaya hannun, ya girgiza a hankali ya ga abin da ke motsi. Na'urar sikana ita ke nuna komai filla-filla, ba na musu. Amma wanda hannunsa bai gaya masa akwai matsala ba, ba zai tura kowa sikana ba.

Abin da ya sa nake matsa wannan magana shi ne lokaci. Ƙashin fuska yana da yalwar jini, saboda haka yana kamawa da sauri. Karan hanci da ƙashin kunci ana son a gyara su cikin sati biyu. Muƙamuƙi in ya kai sati uku ya fara haɗewa yadda ya samu kansa, daidai ko a karkace. Akwai ma waɗanda ba su jira kwana: jini in ya taru bayan ƙwayar ido yana matse jijiyar gani, kuma in ba a ɗan tsaga kusurwar ido an sassauta shi cikin awa ɗaya zuwa biyu ba, idon yakan tafi. Wanda muƙamuƙinsa ya karye gefe biyu ta gaba, harshensa kan faɗa baya ya toshe numfashi in an kwantar da shi rigingine. Yaro ƙarami da ya karye a gaban kunne aka bar shi, mahaɗar takan daskare, ya girma bakinsa ba ya buɗewa, haɓarsa ta tsuke. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan yaro ana ɗura masa koko ta tsakanin haƙora ba zai manta ba.

Yanzu a ɗora wannan lissafi kan hanyarmu. Daga Tawa zuwa Yamai sama da kilomita 500 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Wanda ya faɗi a Abalak ko Cintabaraden sai ya fara isowa Tawa tukuna. Kafin nan kuma sai an gane cewa akwai karaya, sai an haɗa kuɗin mota na mutum biyu ko uku, sai an san gidan da za a sauka, sai an sami layi. Sati ukun nan a tara kuɗi kaɗai suke ƙarewa. Da yawa ma ba su tafiya, wurin maɗori suke zuwa. Ina girmama maɗoranmu, sun tsayar da hannuwa da ƙafafu da ba su ƙirguwa. Sai dai muƙamuƙi ba a ɗaure shi da kara da tsumma, domin ma'auninsa haƙora ne, kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya hana mutum tauna.

Ga abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa. Babban kaso na karayar muƙamuƙi ana iya maganinsa da siririyar wayar ƙarfe. Likita zai mayar da haƙoran sama da na ƙasa su zauna yadda suke a da, ya ɗaure su tare, muƙamuƙin sama ya zama shi ne karan ɗori, a bar shi sati huɗu zuwa shida majinyaci yana shan kunu da fura da romo. Ana iya yi da allurar kashe zafi ta cikin baki, ba sai an sa mutum barci ba. Tun fiye da shekara 2000 likitan Girka Hipokiratis ya rubuta yadda ake ɗaure haƙoran da ke gefen karaya da zaren zinariya. Ƙananan farantan ƙarfe da sukurori, waɗanda likita Maxime Champy na Sitirasbur a Faransa ya yaɗa amfani da su a shekarun 1970, sun fi sauƙi ga majinyaci domin zai buɗe baki da wuri, amma suna da tsada kuma suna son ɗakin tiyata da gwani. Waya kuwa arha ce, kuma hannun da ya iya fiɗa ya fito da jariri zai iya koyon murɗa ta.

Nijar ta riga ta gwada irin wannan hanya. An ɗauki likitoci na gama-gari aka ba su horon tiyatar gunduma, suka koma asibitocin karkara suna fiɗar haihuwa da ta gwaiwa da ta hanji, aka ceci matan da da sun mutu a hanya. Abin da nake nema ƙari ne kan wannan ginshiƙi. Duk wanda ke karɓar masu haɗari, daga majo, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibiti, har likitan da ke gadi da dare, ya san binciken fuska, ya san yadda ake kwantar da mutum don kada ya shaƙe, ya san wanda za a tura cikin daren da wanda zai iya kwana. A kowane babban asibitin jiha kuma a sami aƙalla likitan tiyata ɗaya da likitan haƙori ɗaya da suka zauna watanni a hannun gwanayen Yamai, suka ɗaure muƙamuƙi da hannunsu sau da dama ana kallonsu, suka gyara hanci, suka iya sassauta ido. Jami'ar Abdu Mumuni da manyan asibitocin Yamai su ne gidan wannan horo. Tsangayoyin kiwon lafiya na Maraɗi da Damagaram kuma su sa shi cikin karatun ɗalibai tun kafin su fita.

Na san abin da gwanayen fannin za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Fuska wuri ne mai jijiyoyi, ga ido, ga hanyar numfashi. Wanda aka ɗaure wa baki in amai ya zo masa ba almakashin yanke waya a kusa, zai iya mutuwa. Rabin ilimi yana sa mutum ya taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Duk gaskiya ne. Shi ya sa rabin horon ya zama na sanin iyaka: karayar Le Fort, gurbin ido da ya fashe, fuskar da ta farfashe, raunin harsashi, waɗannan na gwani ne, a tura su. Kuma yau wayar salula tana hannun kowa, likitan Tawa zai iya aika hoton ƙashi da na haƙora ta WhatsApp gwani ya duba daga Yamai kafin a taɓa majinyaci, in an tsara wanda zai amsa da lokacin da zai amsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce a jira sai mun sami isassun gwanaye. Bayan karatun likita, ƙwarewa a tiyatar fuska da muƙamuƙi tana cin wasu shekaru huɗu zuwa biyar, kuma da yawa sai sun je Dakar ko Abijan. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan tiyata ya sa ma'aunin likitocin tiyata da na sa barci da na haihuwa 20 ga kowane mutum 100,000, mu kuwa ba mu kusa da nan ba. A ci gaba da tura matasa su ƙware, da hannu biyu nake goyon baya. Amma babura ba su jira su dawo.

Akwai wata dama da nake ganin muna bari tana wucewa. Saboda cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023, ƙasarmu ta daɗe tana karɓar likitocin gyaran fuska daga waje. Mutane ne da suka san ƙashin fuska kamar tafin hannunsu. Ma'aikatar kiwon lafiya tana iya sa sharaɗi cewa kowane zuwa a haɗa su da likitocinmu na jihohi, a ware kwanaki na koyarwa kan karaya. A jiharmu ma asibitin Galmi yana horar da likitocin tiyata, ana iya zama da su.

Wani zai ce a sa hular kwano a huta. Ƙwarai, a sa, kuma a tilasta, ga direba da wanda ya goya. Amma a lura, hular da ba ta rufe haɓa ba tana kare ƙwaƙwalwa ta bar muƙamuƙi a fili. Kuma ba babur kaɗai ke karya fuska a Adar ba: akwai harbin jaki da na doki da na raƙumi, akwai faɗowa daga itace ko daga saman motar kasuwa, akwai sanda a faɗan gona. Akwai kuma matar da za ta zo da kunci a kumbure ta ce ƙofa ta buge ta, wadda likitan da ya san karayar naushi zai keɓe ya tambaye ta a hankali.

Horo ba kayan aiki ɓata lokaci ne. Wanda ya dawo daga Yamai ya tarar babu wayar ƙarfe, babu filaya, babu almakashi, cikin shekara hannunsa zai manta. Kayan ɗaure muƙamuƙi ba su cika ƙaramin akwati ba. Ina roƙon hukumar lafiya ta jihar Tawa ta fara da wannan akwati da mutum biyu, ta kuma buɗe rajista: wa ya zo da raunin fuska, bayan kwana nawa, me aka yi masa, yaya haƙoransa suka zauna bayan wata biyu. Da wannan rajista za a je wa ma'aikata da hujja, a nemi na Ƙonni da Madawa.

Ɗan ƙanwata ya koma cin tuwo, nama kuma sai an yayyanka masa ƙanana. Leɓen ƙasa har yanzu bai farfaɗo duka ba. Yanzu babur ɗin wani yake tuƙawa, yana kai balas kowace yamma.