Wai Sirri Ne a San Mutum Nawa Ke Aiki a Ofishin Gwamnati?

Abin da na nema bai taka kara ya karya ba. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin kula da ma'aikata, a kan yadda ake ɗaukar aiki da ƙarin girma a hukumomin gwamnatin tarayya da ke Abuja. Tambayata ke nan: mutum nawa ke aiki a nan, maza nawa, mata nawa, daga wace jiha, a wane mataki? Ban nemi sunan kowa ba, ban nemi lambar asusun banki ba. Ƙidaya kawai. Amma yau damina ta wuce, hunturu ya shigo, ban ga ko layi ɗaya ba, sai tarin kwafin wasiƙu masu hatimin "an karɓa" da suka cika min jaka.

Wanda bai taɓa yi ba bai san azabar ba. Ki baro Mararaba da asuba, ki sha cunkoson Nyanya da Kugbo har shataletalen AYA, ga kuɗin mota da ya haukace tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ki isa ƙofa, mai gadi ya ce sai kin faɗi sunan wanda za ki gani. Ki miƙa wasiƙar jami'a a ofishin karɓar takardu, a buga hatimi, a ce ki dawo mako mai zuwa. Kin dawo, an ce fayil yana teburin Darakta. Darakta ya tafi taron bita. Ya dawo, ya tura wa mataimakinsa. Mataimaki ya tura sashen shari'a, wai a ba shi shawara. Shawarar me? A wata hukumar kuma, bayan duk wannan zarya, wata akawu ta dube ni ba ko kunya ta ce wasiƙar ta ɓata, in kawo sabuwa. Na nuna mata hatiminsu da sa hannun abokin aikinta. Ta ce ai shi an canza masa wurin aiki.

Sau ɗaya na samu shiga gaban wani babba, shi ma albarkacin wani dattijon masinja ne da ya gaji da ganina a kan benci. Ya ce, "'Yata, taso in gwada miki, amma kar ki ce ni na kai ki." Na ce, "Na gode, Baba." Na shiga na gaishe da mutumin, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaliba ce ni, ga takardata." Bai ko kalli takardar ba. Ya sauke tabarau ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, wa ya turo ki?" Na ce makaranta. Ya ce a'a, wa ya turo ki dai. A tunaninsa ko 'yar jarida ce ni, ko kuwa wani abokin hamayyarsa ne ke neman kujerarsa. Daga ƙarshe ya ce su ma'aikatan gwamnati sun yi rantsuwar riƙe sirri, don haka in yi haƙuri.

To, ba zan yi haƙurin ba, domin wannan magana ƙarya ce, kuma shi ma ya sani. Tun ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta ba da abin da aka nema, ko ta rubuta dalilin hanawa. Ta ce mai nema ba sai ya bayyana abin da zai yi da bayanin ba, wato tambayar "wa ya turo ki" ma ba ta da gurbi. Ta tanadi tarar naira 500,000 ga wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba. Kai, sashe na 2 ma cewa ya yi hukuma ta wallafa sunayen ma'aikatanta da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su, ba tare da jiran wani ya roƙa ba. Ni ko rabin wannan ban nema ba. Tsohuwar dokar sirri ta 1962 da suke fakewa da ita ba ta hana fitar da irin wannan bayani, sabuwar ta riga ta warware wannan.

Kuma kada wani ya ce min ba su da alƙaluman. Suna da su. Tun 2007 aka fara tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka shigar da bayanan ma'aikaci a kwamfuta har da jiharsa. Kowace hukuma tana da jerin sunayen ma'aikatanta, da shi ake kare kasafin kuɗi a majalisa. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada wasu 'yan jihohi ko ƙabilu su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta, kuma tun 1996 aka kafa Hukumar Raba Daidai don ta sa ido a kan haka. Ƙa'idarta ta ce kowace jiha kada ta gaza kashi 2.5 cikin 100, kada ta haura kashi 3, Babban Birnin Tarayya kuma kashi 1. Ta yaya za a san an bi wannan lissafi in ba a ƙirga ba? An ƙirga. Nunawa ce ba a so. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Duk wanda ya bi zaman kwamitin Majalisar Wakilai na 2023, wanda Yusuf Gagdi ya jagoranta kan badaƙalar sayar da guraben aiki, ya ji yadda shaidu suka riƙa bayyana kuɗin da suka biya don samun takardar ɗauka, da yadda hukumomi ke neman izinin ɗaukar mutane ba tare da tallata guraben ba. Wanda ya shigo da 'ya'yan abokai da surukai ta bayan gida, ina zai so wata ɗaliba ta zana masa jadawali?

Haka zancen yake ga masu buƙata ta musamman. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-gine yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika. A ɗaya daga cikin ofisoshin da na yi ta hawa, na'urar hawa bene ta mutu, sashen kula da ma'aikata kuma yana can sama. Ko ba a ba ni takarda ba, matakalar nan ta amsa min rabin tambayata. Batun kashi 35 na mata da ke cikin manufar ƙasa ta 2006, wanda Babbar Kotun Tarayya a nan Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar a muƙamai a Afrilun 2022, wannan kam in kika ɗauko shi dariya ake yi miki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da wannan ɓoye-ɓoye ke yi wa ilimin kansa. A aji muna karanta binciken da Alexandra Kalev da Frank Dobbin da Erin Kelly suka fitar a Amurka a 2006. Sun bi diddigin wuraren aiki 708 daga 1971 zuwa 2002, suka gano cewa tarukan wayar da kai kan zama da mabambantan mutane ba sa ƙara yawan mata da baƙaƙen fata a kujerun shugabanci yadda ake zato. Abin da ya fi tasiri shi ne a ɗora wa wani jami'i ko kwamiti alhakin lamarin, ya san za a tambaye shi. Sun iya gano haka ne don doka a can ta tilasta wa manyan kamfanoni miƙa ƙidayar ma'aikatansu duk shekara, masu bincike kuma suka samu damar dubawa. Mu a nan fa? Ana kwasar ma'aikata a kai su otal taron bita, a raba jaka da alawus, kuma babu mahaluƙin da zai iya cewa ya yi amfani ko bai yi ba, tunda an kulle ƙofar da za a auna.

Sai ɗalibi ya koma ga takardar tambayoyi. Ita ma sai ta bi ta hannun oga, shi zai raba wa waɗanda ya ga dama, shi zai tattara. Wane ƙaramin ma'aikaci ne zai rubuta cewa an danne masa ƙarin girma saboda addininsa ko jiharsa, alhali takardar za ta koma teburin wanda ya danne shi? Kowa sai ya zaɓi "na amince ƙwarai". Wasu ɗaliban ma ba sa wahalar da kansu. Kowa ya san shagunan buga takardu da ke bakin jami'o'i, inda za a cike maka tambayoyin duka a zama ɗaya, a zuba a manhajar lissafi ta SPSS, a fito maka da sakamako mai sheƙi: bambancin ƙabila da jinsi yana ƙara ƙwazon ma'aikata. Jeka ɗakin karatu ka buɗe kundin da ka ga dama, kusan amsar ke nan. Ba na kare su, ha'inci ne. Amma wanda ya rufe hanyar gaskiya yana da kaso a cikin laifin, kuma waɗannan yaran su ne gobe za su zauna a kujerun kula da ma'aikata.

Su kuwa waɗanda suka fi kowa abin faɗa, ba a ma lissafa su. Masu shara, masu gadi, wasu direbobin, yawanci 'yan kwangila ne da wani kamfani ya kawo. Ba sa cikin jerin ma'aikata, ba sa cikin ƙungiyar ƙwadago ta ofishin, takardar tambayoyin kuma da Turanci take. A bakin famfo wata mai goge-goge ta ce min, "Anti, mu ba za a tambaye mu ba?" Ta shekara da shekaru a wurin, ba ta taɓa ganin takardar sharuɗɗan aikinta ba, alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a bai wa ma'aikaci cikin wata 3 da fara aiki. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, ita dai a rediyo ta ji. Da Hausa muka yi hirar, a tsaye, tana waige kada mai kula da su ya hango ta.

Malamin da ke duba aikina, mutumin kirki, ya ce in sauya maudu'i zuwa wani abu mai sauƙi, ko in koma kan wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa inda na san wani, don kada zangon karatu ya sake wuce ni in sake biyan kuɗin makaranta. Na gane tausayina yake ji. Amma albashin mutanen nan daga baitulmali yake fita, kujerun da suke kai na 'yan ƙasa ne daga Sakkwato har Bayelsa, ban ga dalilin da zai sa ni ce zan kauce ba. Na sake rubuta wa kowace hukuma wasiƙa, wannan karon ba da sunan roƙo ba, na ambaci dokar 2011 da sashenta a layin farko. Dokar ta ba ni kwana 30 in kai ƙara kotu idan aka hana ni ko aka yi shiru. Na tambayi wata lauya abin da shigar da ƙarar zai ci, kuɗin da ta faɗa ya haura na zangon karatun da nake gudun sake biya.