Ranar da Na Tayar da Layi Guda a Kantin Kwari

A ƙaramin gari, duk wanda aka gani da jan biro a aljihun gaba ya gama hutawa. Ni malamin firamare ne a wani ɗan gari a ƙasar Sumaila, lissafi nake koya wa 'yan aji biyar da shida. Wannan shi ne aikin da gwamnati ta san da shi. A majami'armu kuwa ni ne malamin makarantar Lahadi, ni ne mai karanta sanarwa, ni ne ma'aji, kuma ranar da yaron da ke buga ƙarfen sujada ya makara ni nake ɗaukar guduma. Babu ɗaya a ciki da na nema. Baba Fasto ne zai dubi jama'a ya ce, "Malam zai riƙe mana," kafin in buɗe baki an shafa amin.

Ta wannan hanyar aka ɗora mini tafiya Kano. Zumuntar Mata sun yanke shawarar fitar da ankon Kirsimeti, turmi 30 na atamfa iri ɗaya. Uwar Zumunta ta ce ba a kasuwar ƙauye za a saya ba, sai Kwari, inda masu kawo mana ma suke sarowa. Ta ba ni ƙyallen samfur, ta turo mini kuɗin a bokitin fenti.

Bokitin yana da dalili. A farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000 mutane suka riƙa kwana a bakin banki, asusun matan duk 'yan dubu-dubu ne, sai da aka yi hayar mota zuwa Wudil aka yini a layi. Uwar Zumunta ta lura cewa daga naira 100 zuwa ƙasa babu wanda ya taɓa. Nan take ta kafa doka: kuɗin zumunta a ƙananan takardu za a riƙa ajiye shi, domin gwamnatin da ba ta tuna talaka ba za ta tuna kuɗinsa ba. Duk wadda ta kawo 500 sai ta koma ta nemo canji. Haka sama da naira dubu 200 suka taru a 'yan goma-goma, da murtala-murtala, da hamsin, da ɗari, wasu da ƙamshin daddawa, wasu da sheƙin man ƙuli. Na kawo shawarar a kai wa mai POS ya mayar da su cikin asusu. Da Uwar Zumunta ta ji abin da zai cire na ladansa, ta ce kuɗin Ubangiji ba a yankarsa a hanya.

Maman yara ce ta kawo dabarar ɗauka. Ta ce 'yan sanen birni sun san jaka, sun san aljihu, sun san cikin safa, amma ba a haifi ɗan sanen da zai tura hannu cikin buhun barkono ba. Da ma ta shanya barkono za ta aika wa ƙanwarta da ke aure a Birget, ƙananan nan masu faɗa, wanda ko wucewa ka yi ta inda aka shanya shi sai ka san da shi. Ta ƙulle kuɗin a baƙar leda, ta binne a tsakiyar buhu, ta ɗinke baki da basilla. Na duba na ga hikima ce tsantsa, har na yaba mata.

Ranar Asabar da asuba na isa tasha. Yaron mota ya ce buhu sai but. Na ce buhun nan ƙafata ƙafarsa. Ya ce to in biya masa kujera. Ma'aji ba ya kashe abin da ba a rubuta ba, don haka na shimfiɗa shi a kan kujerata na hau kai, kaina yana gugar rufin mota. Tun kafin gadar Wudil nake jin wani ƙus-ƙus a ƙarƙashina duk lokacin da muka faɗa rami, ga wani ɗumi da ke ratso wando. Na ce a raina alamar kuɗin suna nan ce. A Unguwa Uku na sake zama a kansa ina jiran adaidaita sahu, a cikin adaidaitar ma a kansa na zauna har IBB Way. Ni ba ƙaramin mutum ba ne, wannan kowa ya shaida.

Wanda bai taɓa shiga Kwari ba ba zai gane ba. A makaranta ni ke ba da hanya da hannu, yara su dare. A nan kuwa wani ɗan dako da dila a ka ya daka mini tsawa, "Hanya, Baba!" sai ga ni manne da bango ina ba shi haƙuri. Wani ɗan kayi-nayi ya hango ƙyallen a hannuna, ya karɓe shi ba sallama, ya ce in biyo shi. Muka kutsa lungu, muka hau bene, muka sauko, muka sake wani lungun, ni da buhu a kafaɗa, har ya tsayar da ni a wani shago da atamfa ta kai rufi. A minti biyu yaron shago ya zaro irin tamu sak. Na so in yi ciniki irin na garinmu, a fara da gaisuwa da tambayar damina. Mai shagon, wani Alhaji fari mai fara'a, ya bar ni na gama, ya rage mini abin da ya rage, ya ce, "Malam, tiransifa za ka yi ko kati?"

Na ce kuɗi ne a hannu. Na nemi reza na farke bakin buhu.

Abin da na tarar ba barkonon da na baro gida da shi ba ne. Rabinsa ya zama gari, lukui, ledar ta fashe ta gefe, takardun sun bazu a ciki sun yi jajur. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ledar zamanin nan ce ba ta da ƙwari. Alhaji ya leƙa buhun, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Malam, miya za a yi da su ne?"

Muka zazzage a kan tabarma. Yaran shago biyu suka zauna, ni na uku. Kowa ya san takardun leda, na 5 zuwa 50, yadda suke manne wa juna, kuma kowa ya san abin da mai ƙirga yake yi idan takarda ta manne. Babban yaron ya lashi yatsa. Ya ƙirga uku, ya tsaya, ya buɗe baki yana huci, ya tashi ya yi waje neman fiya wata. Ƙaramin ya yi masa dariya har da hawaye, ya sa hannu ya share hawayen. Shi ma ya bi bayansa.

Alhaji ya ce a bar wahalar da kai, ya jawo injin ƙirga kuɗi daga ƙarƙashin tebur. Na ce, "Alhaji, da dai an kakkaɓe su tukuna." Ya ce injin nan miliyoyi yake ci kullum bai taɓa ƙwarewa ba. Ya cika masa baki da 'yan ɗari-ɗari ya danna. Injin ya yi firrr, wani jan hayaƙi ya tashi, fankar sama ta karɓe shi ta raba wa kowa rabonsa, ta tura saura cikin layi.

Alhaji ne ya fara atishawa, ni na karɓa. Wata Hajiya da ke zaɓen leshi ta ja mayafi ta toshe hanci ta fice ba ta ɗauki jakarta ba. Shagon da ke kallonmu suka kama tari, na gaba da su suka ɗauka. Can sai wani daga bakin lungu ya ƙwala ihu, "An harba barkonon tsohuwa!"

Kano gari ne da ba a maimaita wa irin wannan magana. Ƙofofin ƙarfe suka fara sauka, garau-garau. 'Yan dako suka jefar da diloli. Mai awara ta sure kaskonta da man a ciki. Wani yana tambaya ta ina suka shigo, wani yana ba shi amsa da rantsuwa cewa ya ga motarsu da idonsa. Na ga idan aka ƙara minti ɗaya za a tattake wani, kuma a ƙarshe a ce wani malami daga ƙauye ne sanadi. Sai na fito bakin shago na ɗauko muryar da nake tara yara da ita da safe, wadda ake ji har bayan filin ƙwallo, na ce, "Kowa ya tsaya inda yake!"

Abin mamaki, suka tsaya. Har wani dattijo mai furfura ya sauke hannuwansa a gefe.

Na ce, "Jama'a, ba abin da aka harba. Ba barkonon tsohuwa ba ne, na matata ne."

Layin ya yi tsit. Wani yaro daga saman bene ya leƙo ya ce, "To Baba, ita matar taka yarinya ce?"

Dariyar da aka yi ta fi gudun yawa. Mutane suka riƙa zuwa ganin buhun, suna atishawa suna ɗaukar hoto da waya. Na roƙi kada a sa fuskata, ina da ɗalibai.

Ana cikin haka aka kira azahar. Na tare Alhaji na ce masa yajin barkono ba ya bin ruwa, mai yake bi, ya fara murza man gyaɗa a hannu ya wanke da sabulu kafin ya taɓa fuska. Wannan ko 'yan ajina sun san shi. Ya ce za a tayar da salla, ya ɗauki buta. Ya juyo ya ce, "Malam, ga shago nan," suka tafi duka. Ni da tun asuba ban yarda ko yaron mota ya taɓa buhuna ba, ga ni an bar ni da kayan da albashina har in yi ritaya ba zai sayi bango ɗaya ba, kuma mutumin ko sunana bai tambaya ba. Wata mata ta shigo tana tambayar kuɗin shadda, na yi mata atishawa uku, ta ce Allah ya sawwaƙe ta wuce.

Alhaji ya dawo idanu jajur, hanci na zuba, ya zauna bai ce komai ba na ɗan lokaci. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, ka yi gaskiya. Aiko a sayo man gyaɗan."

Daga nan na karɓi ragamar aiki. Aka kashe fanka, aka ɗaura wa kowa ƙyalle a hanci daga ragowar yadi, aka sa leda a hannu. Na jera su kamar 'yan aji: wannan ya kakkaɓe, wannan ya ware, wannan ya haɗa goma-goma, ni in rubuta. Da yake hannu na aiki baki na zaune, na tambayi ƙaramin yaron wane ne a jikin naira 20. Ya ce Murtala, ɗan Kano ne, wa bai san shi ba. Na ce a wace shekara aka kashe shi. Ya yi shiru. Na ce 1976, 13 ga Fabrairu, ya maimaita. Na ɗaga naira 10 na ce wannan fa? Babu wanda ya sani, har Alhaji. Na ce Alvan Ikoku ke nan, malamin makaranta ne, ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa. Alhaji ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ya ce, "Wato shi ma a goma aka ajiye shi." Ban ba shi amsa ba, atishawa ta zo mini a kan gaɓa.

A cikin tarin mun tsinci maɓalli biyu, da takardar da aka haɗa rabinta da rabin wata da salatif, lambobin ba su ma yi kama ba, da wata 'yar wasiƙa ta roƙon addu'a da wata ta jefa a bokiti bisa kuskure. Wasiƙar na ninke na sa a aljihu ban bari an karanta ba. Mai salatif ɗin kuwa na san hannun da ya liƙa ta, za mu haɗu ranar Lahadi.

Bayan la'asar lissafi ya fito, ya yi daidai da littafina har naira, abin da na tabbatar kowa a shagon ya ji. Matsalar ita ce farashin da Uwar Zumunta ta yi lissafi da shi na watan Agusta ne. Kuɗin turmi 29 ne da 'yan canji. Na fara tunanin wace ce a cikin mata talatin zan je in gaya wa ba ta da anko, na ga gara in koma in sake zama a kan buhun. Alhaji ya dubi ragowar barkonon, ya ɗebi kaɗan a leda ya sansana daga nesa, ya ce rabon da ya ga mai faɗa irin wannan tun yana yaro a gidan kakarsa. Ya ce in bar masa buhun ya kai wa Hajiya, ya cika mini turmi na 30.

Na ce sai dai a rubuta a rasit. Ya ce a rubuta me? Na ce abin da ya faru. Yaron ya rubuta: atamfa turmi 30, an biya da kuɗi da barkono. Alhaji ya buga hatimi yana dariya yana share ido da gefen hannu, ya sa aka ɗaure mini kayan a sabuwar leda, ya ce idan Allah ya kai mu baɗi in zo da katin banki, barkonon kuma in riƙo shi daban.

Matan sun sa ankonsu ranar Kirsimeti, sun buga tulu sun yi waƙa har rana ta take. Ƙanwar maman yara ta bugo waya daga Birget tana tambayar saƙonta. Maman yara kuma ta ce tunda barkononta ne ya sayi turmi guda, ikilisiya ce ta ci mata bashi, kuma ta san gidan ma'aji. Na kai maganar gaban dattawa da rasit a hannu. Ɗaya ya ce a ɗauke shi a matsayin baiko. Na ce baiko da yardar mai shi ake yi, ita kuwa ba ta yarda ba. Baba Fasto ya ce a kafa kwamiti ya duba, ya waiga yana neman wanda zai shugabance shi, sai na ga idonsa ya tsaya a kaina.