Cakulan guba ne ga kyanwa, ko da an kafa masa kyandir

Na ga bidiyon nan da ke yawo, wanda wata baiwar Allah ta yi wa kyanwarta biki da kek ɗin cakulan. Don Allah a daina turo min shi, tun safe wayata ba ta huta ba. Na ga hular takardar da aka ɗaura wa kyanwar, na ga kyandir, na ga yatsan baiwar Allah ya sha cakulan tana dangwala mata a hanci har sai da ta lashe. Na kuma gan ku a ƙasa kuna ta zuba alamar zuciya, wai abin ya burge ku. Ni dai bai burge ni ba. Guba aka ba dabbar nan a gaban kyamara, aka ɗora kiɗa a kai.

Eh, guba na ce, kuma zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ni. Cakulan guba ne ga kyanwa.

A cikin ƙwayar koko da ake yin cakulan da ita akwai wani sinadari da ake kira tiyobromin, ɗan uwan kafeyin ɗin da ke cikin kofi, kuma shi kafeyin ɗin ma akwai shi a ciki. Tun 1841 wani masanin sinadarai ɗan Rasha, Alexander Voskresensky, ya gano shi, don haka kada wani ya ce min sabon yayi ne na 'yan intanet. Ni da ku in mun ci, cikin kimanin awa 7 hantarmu ta rage rabinsa, mu ji ɗan kuzari, shi ke nan. A jikin kare sai ya kai awa 17 da rabi kafin rabin ya fita. Kyanwa ma jinkirin take yi, ga ta da ɗan jiki. Sai sinadarin ya yi ta zagaye a jininta yana zaburar da zuciya da ƙwaƙwalwa, har wanda ya sauka mafitsara yana iya komawa cikin jini. Abin da ke zame miki nishaɗi, 'yar uwa, ita bulala yake zame wa zuciyarta.

Na san amsar farko, na karanta ta a ƙarƙashin bidiyon sau ba adadi: ai ɗan kaɗan ne. Kaɗan a ma'aunin wa? Ke mai kilo 60 ko 70 ce ke auna wa mai kilo 4? To ga lissafi, tunda sai an yi. Likitocin dabbobi suna fara damuwa daga miligiram 20 na sinadarin a kowane kilo na nauyin dabba. A 40 zuwa 50 zuciya ta fara rikicewa, a 60 sai jijjiga. Daga karnuka aka fi samo waɗannan alƙaluma, don su ne mashahuran ɓarayin cakulan, amma da su ake auna kyanwa ma. Kyanwa mai kilo 4 ke nan miligiram 80 ya kai ta bakin iyaka. Cakulan mai madara yana da wajen miligiram 2 a kowane giram, wato giram 40 ya isa. Baƙin nan mai ɗaci, giram 15. Wanda ake narkawa a yi kek da shi, wanda ba sukari, giram 5 ko 6, abin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Garin koko kuwa ya fi su duka ƙarfi. In kuma 'yar jaririya ce mai kilo 1, raba duk wannan gida huɗu. Kek ɗin da na gani a bidiyon nan baƙi ƙirin yake, ko ta cikin waya ana ganin ba a yi masa rowar koko ba. Sai ki sake faɗa min kalmar kaɗan.

Amsa ta biyu ita ce ta fi ba ni dariya mai ciwo: ai tana so, ba ku ga yadda take lasa ba? Baiwar Allah, kyanwa ba ta jin zaƙi. Ko kaɗan. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin halitta biyu da ke haɗuwa su sa harshe ya ji zaƙi, wadda suke kira Tas1r2, a lalace take a jikin kuliyoyi, har da manyan dawa irin su damisa. Zuba mata sukari a harshe da zuba mata yashi kusan duk ɗaya ne wajen ɗanɗano. Maiƙo da madarar da ke ciki ne ke jan ta, sannan duk kyanwar da aka shafa wa abu a hanci dole ta lashe, don ba ta jure ƙazanta a jikinta. Ko man shafawa kika dangwala mata haka za ta yi. Ashe ke nan ba ta more komai ba a wannan biki. Ke kika ji zaƙin, ke kika samu masu kallo, ita aka bar wa gubar. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Me ya sa aka gyara fitila aka saita waya kafin a kawo kek ɗin?

Sai kuma jarumai masu cewa tawa ta sha ci ba abin da ya same ta. Madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Ba kullum ake kwana a gado ba. Wataƙila farin cakulan ta ci, wanda kusan ba tiyobromin a cikinsa, ko da yake maiƙonsa ma yana ɓata mata ciki. Wataƙila kuma ta yi amanta a bayan kujera ta kwana zuciya na dukan uku-uku, kai kana ta minshari. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, in ba ta da lafiya lungu take nema ta lafe. Masu cewa rai tara gare ta kuma, ban da lokacinku yau.

Bari in ajiye zolaya in gaya muku dalilin da ya sa abin ya tsaya min a wuya. Muzuruna ya taɓa yi min wannan aika-aikar, kuma laifina ne. Na kwaɓa garin koko da bota a roba, aka kira ni a waya, na fita na bar ta a buɗe. Da na dawo robar tas, kamar an wanke, shi kuma yana gefe yana gyaran gashin baki. Har dariya na yi. Na ce ɓarawo, Allah ya kama ka. Sai can dare ya fara amai, ya sha ruwa ya koma ya sha, ya kasa zama wuri ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, idanu a buɗe tar. Da na ɗauke shi na sa tafin hannuna a ƙirjinsa, abin da na ji ba zan manta ba, kamar an kulle tsuntsu a cikin kwali yana fuffuka. Ƙafafunsa na baya suna karkarwa. Haka na nannaɗe shi a tawul muka nufi likitan dabbobi ina addu'a a hanya. Tambayar farko da likitan ya yi min ita ce ƙarfe nawa ya ci, da na faɗa ya yi shiru ya dube ni. Ya ce da na kawo shi cikin awa 1 ko 2 da sun sa shi ya amayar tun kafin ya shiga jini. An ba shi wani gawayi na musamman da ke kama guba a hanji, aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ya kwana biyu a can. Ya rayu, alhamdulillahi, yana nan yana ɓarnar labule. Amma a ranar na ji daga bakin likita cewa wannan guba ba ta da makari. Ba wata allura da za a yi ta warware ta. Tallafa wa jiki kawai ake yi har ya fitar da ita, kuma alamun suna iya kai kwana 3.

Abin da ya yaudare ni shi zai yaudari kowa: alamun ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki awa 6 zuwa 12. Shi ya sa bidiyo na daƙiƙa 30 da ya ƙare kyanwa na lasar baki bai tabbatar da komai ba. A nuna mana na tsakar dare mana.

In ta riga ta ci, kada a tsaya jiran alama. A ɗauki ledar ko kwalin cakulan ɗin, a ƙiyasta abin da ya ragu, a kira likitan dabbobi ko a tafi da ita. Kuma don girman Allah kada a ɗura mata ruwan gishiri wai ta yi amai, gishirin kansa yana iya kashe ta. Madara ma ba ta karya guba, yawancin manyan kuliyoyi gudawa take sa su, ka ga an ƙara mata wata wahalar.

Wanda ya rubuto min cewa duniya na cike da matsaloli ni kuma ina nan ina kuka a kan mage, na gode da tunatarwa, malam. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ban ce mai bidiyo ta kai can ba, rashin sani ne, na yarda. Amma an gaya mata. Na ga wata likitar dabbobi ta yi mata bayani cikin ladabi, ita kuwa ta goge bayanin ta bar bidiyon. Nan ne haƙurina ya ƙare. Ki sauke shi, ko ki rubuta a kai ɓaro-ɓaro cewa cakulan guba ne ga kyanwa, don akwai yara da ke kallo kuma gobe za su gwada a kan tasu.

Af, tunda an zo nan: wata a ƙasan bidiyon ta ba da shawarar wai in kyanwar ta yi zazzaɓi a ɓallo mata rabin farasitamol. Innalillahi. Wannan ya fi cakulan ɗin muni nesa ba kusa ba. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya canja launi, fuska ta kumbura. Albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini, amma wannan sai wani rubutun. Ita kuma hular takardar, wa ya ce muku kyanwa na son roba a ƙarƙashin haɓa? Ku koma ku kalli kunnuwanta a bidiyon, a kwance suke tun daga farko har ƙarshe.