Idan an kwance bakin buhun wake, me zai kare shi?

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da maganar ƙwarin wake sai a ce ai an gama da matsalar, akwai buhun PICS. Ba na musu, buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro yana aiki: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Amma ku zaga Katako a nan Jos. Mai awo ba ya sayar da wake a ɗaure. Ya kwance baki, ya juye a daro, uwargida ta sayi mudu biyu ta ajiye a kicin wata guda. Daga nan buhu ya gama nasa.

Ƙwaron ma ba a kasuwa yake fara shiga ba. Tun a gona uwar take saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsa ta huda ƙwayar ta zauna ciki tana ci, bayan kamar mako uku zuwa huɗu ta fito da fukafukai ta sake zubawa. Sanyin Jos yana ɗan rage musu sauri, shi ya sa wasu ke ganin mun tsira. Bari zafin Maris ya shigo.

To me ɗan kasuwa yake yi? Wasu toka da barkono, wasu kuma fiya-fiya. Ragowar wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Su sun rufe ƙofa, mu kuwa muka ci gaba da yin ƙosai da alale da shi. Najeriya fa ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya.

Shi ya sa nake ganin kariyar da ta fi ita ce wadda ke cikin ƙwayar kanta, wato irin wake mai jure wa ƙwaro, don ita ce ke bin wake har tukunya. Kuma ba mafarki ba ne. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000, a cikinsu aka gano wani mai lamba TVu 2027 wanda tsutsar ba ta jin daɗinsa: da yawa su mutu a ciki, waɗanda suka rayu su makara wajen fitowa. An yi ta barbararsa da wasu nau'o'in. Ba ya hana ɓarna ɗungurungum, jinkirta ta yake yi, amma jinkirin nan shi ne ribar mai awo.

Kada a ruɗe da irin waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Shi wannan don maganin tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona aka yi shi, ba ƙwaron rumbu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kasuwa. Mai ƙosai tana son wake fari, mai manyan ƙwaya, mai saurin sakin ɓawo wajen surfe. Ka kawo mata ƙanana mai taurin fata, ko ƙwaro ya rantse ba zai taɓa shi ba, ba za ta saya ba, manomi kuma ba zai shuka abin da ba ya fita ba.

Roƙona ga malamanmu na Samaru: duk sabon irin da za a fitar, bayan yawan buhu a hekta da kwanakin nuna, a rubuta mana wata nawa yake jurewa a buɗe kafin ya fara hujewa. A kuma kai wa masu ƙosai su soya kafin a sa masa suna.