Ganga biliyan 37 ba ita ce ranar ƙarewar man Najeriya ba

A Zariya, har cikin ɗaliban jami'a a Samaru, ana cewa man Najeriya saura shekara kusan 70, don an raba ganga biliyan 37 da wajen miliyan ɗaya da rabi da ake haƙowa kullum. Rabawar daidai ce, fahimtar ce ta karkace. Adadin nan na ganga biliyan 37, na man da rijiyoyi suka tabbatar ne, wanda za a iya fitarwa da riba a farashi da kayan aikin yau. Man yana maƙale cikin ƙananan ƙofofin dutse, galibi kusan kashi ɗaya cikin uku ke fitowa. Farashi ya faɗi, adadin zai ragu ko ba a ɗebi ɗigo ba. A tura ruwa ko iskar gas cikin rijiya don ƙara matsi, sai adadin ya ƙaru.