Tun Ranar Ake Ce Mini Kyaftin

Masu kirana a waya suna tambayar dalilin da ya sa 'yan aji huɗu suke ƙamewa su sara mini idan na shigo makaranta, ga amsarku nan. Ku karanta, ku yi dariyarku sau ɗaya, a wuce wurin.

Kun san yaron Kawu da yake aikin jinya a Ingila. Shi ne ya bugo waya ya ce tsohon ya sha wahalar noma, yana so ya hutar da shi: mako guda a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, shi da Hajiya, kuɗi daga aljihunsa. Ya turo sunayen kamfanoni huɗu ta WhatsApp, Carnival da Royal Caribbean da MSC da Norwegian, ya ce a duba a zaɓa. Kawu ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya aika a kira ni. Ni ne mai tabarau a zuri'armu, duk abin da ya zo da rubutun boko nawa ne, daga takardar taki har ta asibiti.

Kwana uku ina hawa tudun bayan maƙabarta, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa. Data ta dubu huɗu ta tafi. Na cika littafi mai falle arba'in, har da jan layi da jan biro. Ni da iyakar ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, sai ga ni ina jin kaina kamar a bakin tekun Miami aka yanke mini cibiya.

Daren Laraba bayan isha'i na buɗe littafina a teburin mai shayi. Majalisa ta cika, har da waɗanda ba a gayyata ba.

Na fara da Royal Caribbean, don su ne masu son a san da su. Na ce, “Kawu, suna da wani jirgi, Icon of the Seas, a Finland aka ƙera shi, ya fara ɗaukar mutane daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, ya fi filin ƙwallo uku a jere. Bene ne hawa 20. Idan ya cika maƙil, fasinja 7,600 ne, ban da ma'aikata sama da dubu biyu.” Mai shayi ya tsaya da buta a sama, ya ce ai ko an haɗa garinmu da rugagen Fulanin kewaye ba za mu cika shi ba. Na ce akwai wuraren ninƙaya har bakwai a ciki. Kawu ya ce, “Tsaya, Malam. Mutum yana tsakiyar teku, kuma a haƙa masa kududdufi?” Na ce haka suke yi. Ya girgiza kai, ya ce to wa yake yi wa wannan jama'a limanci. Na yi kamar ban ji ba, na buɗe shafi na gaba.

Carnival su ne masu sauƙin kuɗi, kuma su ne gidan biki: kiɗa, ihu, samari da 'yanmata, dare da rana. Tun 1972 suke, kuma jirginsu na farko, Mardi Gras, ranar da ya fara fita daga Miami ya kafe a kan rairayi. Wannan ya ba majalisa dariya. Amma da na kawo labarin jirginsu Triumph, wanda wuta ta tashi a ɗakin injinsa a tekun Meziko a Fabrairun 2013, lantarki ya ɗauke, mutum sama da dubu huɗu suka yi kwanaki ana jan su zuwa gaɓa, ban-ɗakuna suka toshe har aka riƙa raba wa mutane jajayen ledoji, sai Kawu ya ajiye kofinsa a hankali.

“Dattijo da gemunsa a miƙa masa leda?”

Na ce, “Kawu, an daɗe da yin abin, kuma sun kashe maƙudan kuɗi wajen gyara.”

Ya ce, “Soke su.”

MSC kuwa ashe mun daɗe da sanin juna. Kwantenonin nan da tireloli suke shigowa da su Kano masu rubutun msc a jiki, har wasu sun zama shagunan siminti a bakin tasha, ai nasu ne. Wasu iyalin Italiyawa ne masu suna Aponte, ofishinsu yana Geneva, sun yi arziki da dakon kaya sannan suka shiga dakon mutane. Kujerarsu takan yi araha, sai dai masu hawa suna kuka da turereniya a wurin ɗibar abinci, da sanarwar da ake maimaitawa cikin harsuna biyar ko shida har kai ya yi ciwo. Suna tashi daga Durban, suna tashi daga Dubai, a 2021 ma sun ɗauki mutane daga Jidda. Da jin Jidda Kawu ya gyara zama. Na ce ai Saudiyya ma yanzu tana da nata, Aroya, tun Disambar 2024, abinci na halal, ga wurin salla, sai dai ba ya cikin jerin da yaron ya turo. Norwegian ban daɗe a kansu ba. Abin da suke taƙama da shi shi ne ba sa sa maka lokacin cin abinci, ba sa ce maka ga tufafin da za ka sa. Kawu ya ce da can wani ne yake sa wa mutum lokacin jin yunwa?

Sannan na faɗa masa abin da duk huɗun suka yi tarayya a kai. Kuɗin da ake tallatawa na ɗaki ne marar taga. Kullum ana ɗora maka tukuicin ma'aikata, dala 16 zuwa 20 kowane kai, ko an yi maka hidima ko ba a yi ba sai ka je ka yi magana. Lemon kwalba da kuɗinsa, intanet da kuɗinta. Ga giya, ga ɗakin caca. Kawu ya ce ɗaki ba taga ai rumbu ne. Ya tambaye ni ko akwai buta a ban-ɗakin, da kuma yadda ake tsai da alƙibla idan jirgi yana juyawa. Falle arba'in, babu ko layi ɗaya a kan buta.

A nan taubashina ya sa baki. Ba sai na kama suna ba, kun san shi, ɗan Goggo. Wannan mutumin tun bara ya ari injin feshina ya dawo mini da shi ba baki, ya rantse haka na ba shi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya bi motar albasa zuwa kasuwar Mile 12, direban da kansa ya faɗa mini barci ya yi tun daga Jebba, amma yau shekara nawa ba a isa a ambaci ruwa a garin nan ba sai ya ce, “Mu da muka ga teku a Legas.” Ko randa aka ce ta yi sanyi sai ya kawo Legas. Ranar sunan 'yata ya cinye kan ragon shi kaɗai a bayan ɗaki, ya ce haƙƙin taubashi ne, kuma har yau Goggo tana kare shi wai yaro ne. Yaro mai mata biyu. Shi ne ya ce, “Malam, duk wannan karatun, ka iya ruwa kuwa?”

Don in rufe masa baki na jawo labarin Costa Concordia, wanda ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, Allah ya kiyashe mu. Na ce kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ya fice ya bar fasinjoji a ciki, kotu ta ɗaure shi shekara 16. Na ce tun daga nan aka tsaurara, ba jirgin da zai tashi sai an tara fasinjoji an nuna musu rigar ruwa da inda za su taru idan ta ɓaci. Na bugi tebur har cokula suka yi tsalle, na ce, “Kyaftin na gari shi ne na ƙarshen barin jirgi!” Da ma na haɗiye wannan maganar tare da shayina.

Washegari muka kama hanyar Haɗeja a ɗauki Kawu hoton fasfo. Ruwa ya yanke hanya kamar yadda ya saba duk Agusta, sai fito. Na sa farar shaddata ta Sallah, na karya hula, littafi a hammata. A kwale-kwalen akwai ni da Kawu da taubashin da ba wanda ya kira shi, da mata huɗu masu zuwa kasuwa, da babur guda, da buhun shinkafa biyu, da wata tunkiya da rago. Mai fiton yaro ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, na ma taɓa koyar da shi, ya gudu a aji uku.

Tun kafin a tura jirgi na fara. Na tambaye shi mutum nawa ƙa'ida ta ba shi ya ɗauka. Ya ce, “Iya waɗanda suka shiga, Malam.” Na tambayi rigar ruwa. Ya nuna mini wata jarkar manja da aka ɗaure da igiya. Muka ratsa cikin kacala, muka fita sarari, ni kuwa wa'azi ya yi daɗi, mata suna saurare, sai na ga ai zaune ba za a fahimce ni ba. Na miƙe.

“Malam, zauna.”

Na ce ina nuna wa jama'a yadda ake rarraba nauyi ne.

“Malam, don Allah zauna, akwai tudu a gaba.”

Ban gama cewa “a jiragen Turai” ba cikin jirgin ya gogi rairayi ya tsaya cak. Kowa yana zaune, kowa ya ɗan yi gaba ya dawo. Ragon ya tako mini ƙafa. Na ɗaga ƙafar, na nemi abin kamawa, hannuna ya faɗa kan madubin babur, madubin ya biyo ni. Na tuna sarai na ga sama, na ga farin gajimare, na ga hulata tana tafiya ita kaɗai, sannan tsundum.

Jama'a, na yi kalmar shahada da ƙarfi, rabinta a sama rabinta a cikin ruwa. Na yi ta dukan ruwa da hannu bibbiyu. Na kira sunan uwargida, na ce a riƙe mini yara amana. Na tuna da bashin mai shayi na ce a yafe mini. Na sha ruwa ya kai kofi uku, mai ɗanɗanon taɓo da kashin shanu. Yaron ya miƙo mini gorar tuƙi, na fizge ta har shi ma ya kusa biyo ni. Ya jefo jarkar manjan, ta same ni a goshi. Duk wannan abin ba wanda ya yi tsalle ya cece ni, ina ta mamakin rashin imanin mutanen garinmu, sai na ji murya a saman kaina.

“Malam, miƙe mana.”

Na buɗe ido. Wata tsohuwar Bafulatana ce, ƙwaryar nono a kanta, ta tattare zaninta da hannu ɗaya, tana ratsa ruwan da ƙafa don ba za ta biya kuɗin fito ba. Ko ɗigon nono bai zuba ba.

Na miƙe. Ruwan iya gwiwa. In an yi mini adalci, ya ɗan haura gwiwa da kamar yatsa uku, kuma ƙasan akwai santsi, wannan kowa ya shaida. Amma dai iya gwiwa.

Na tsaya, shadda ta manne mini a jiki ta koma kalar kunun kanwa, tabarau a rataye a kunne ɗaya, madubin babur a hannuna, takalmi ƙafa ɗaya ya tafi. Matan nan suka rufe baki da mayafi, kafaɗunsu suna rawa. Kawu, Allah ya saka masa, ya kau da kai yana kallon wata bishiyar giginya kamar yau ya fara ganinta. Littafina yana can yana lilo a kan ruwa, jan biron ya narke, Royal Caribbean da Norwegian sun zama jini-jini. Shiru ya ɗan yi tsawo, har na fara sa ran za a bar maganar.

Sai taubashina ya gyara murya, ya ƙame daga zaune, ya kai hannu goshi.

“Allah ya taimaki Kyaftin. Jiya shekara nawa ka ce ana ɗaure wanda ya riga fasinja fita?”

Har yaron fiton sai da ya zauna don dariya. Tsohuwar ma da ba ta san kan zancen ba ta juyo daga nesa tana dariya. Kafin mu dawo da la'asar labari ya riga mu gida, kuma a bakinsa ruwan ya koma iya idon sawu, wai har da kuka na yi. Ban yi kuka ba. Ruwa ne a fuskata.

Mai babur ya karɓi dubu biyu da ɗari biyar kuɗin madubi. Wayata ta kwana uku a cikin buhun shinkafa, ta tashi, amma lasifikar tana magana kamar mai mura. Hoton ma ba a ɗauka ba, mun tarar ba wuta, mai hoton kuma ya tafi neman fetur.

Kawu ya kira yaron nasa na Ingila da daddare ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, amma a turo kuɗin ya sayi injin ban-ruwa saboda shinkafar rani, abin da ya ragu a tara wa Hajiya na Umara. Yaron ya tambaya wane kamfani Malam ya ba da shawara. Kawu ya ce Malam yana nan yana shanya.

Takalmin fata ne, ƙafar hagu, lamba 43, baƙi. Masu su na wajen Auyo, in ya faɗa komar wani, a aiko mini ta hannun mai shayi, kada a ba wa ɗan Goggo.