Ba yunwa kaɗai ke saukar da albumin ba

Wani labari ya ce saukar albumin, wani furotin na jini, a jinin masu wankin ƙoda alamar rashin cin furotin ce, amma wannan rabin magana ne. Hanta ke yin albumin, kuma tana rage yi idan ƙwayoyin cuta sun shiga jiki ta bututun da ake sakawa a wuya don wankin. Ruwa ma idan ya taru a jiki yakan tsarma jini, awon ya faɗi ƙasa da giram 3.5 a desilita. Don haka a fara duba CRP, awon jini mai nuna kumburi, da nauyin mara lafiya don a gane ko ruwa ya taru. Ku masu cewa a rage nama, wannan shawarar kafin fara wanki ce, bayan an fara kuwa giram 1 zuwa 1.2 na furotin ake so kan kowane kilo na nauyin jiki kullum. Me ya sa labarin bai ambaci diclofenac ba, maganin ciwo mai iya lalata sauran aikin ƙodar?